Tarihin Koyon Aikin Lambu: Daga Bakin Jigo Zuwa Kwaleji

Duk ɗan garin nan da ya zo gida hutun sallah zai lura cewa itatuwan da ke ba mu inuwa a bakin kasuwa da harabar firamare kusan dukkansu tsofaffi ne. Waɗanda ake dasawa yanzu kuwa, kaɗan ne ke ganin damina ta biyu. Wannan ba ya rasa nasaba da yadda ake horar da masu kula da shuka, don haka ya dace mu waiwayi tarihin sana'ar.

Tun kafin zuwan Turawa, noman rani sana'a ce mai tsari a fadamun ƙasar Hausa. Yaro yakan fara da korar awaki da tsuntsaye, sa'an nan a ba shi jan ruwa da jigo, ya koyi buɗe wa kowane fangali ruwa da toshe shi a kan kari. Sai ya yi shekaru kafin a yarda ya taɓa irin albasa a wurin reno, domin nan ne jarin mai lambu yake. Ba a cewa ya ƙware sai ya iya duban ganye ya gane ko ƙishirwa ke damunsa, ko yawan ruwa, ko tsutsa. Ranar da ubangidansa ya yanka masa 'yan fangaloli ya ce nasa ne, ran nan aka yaye shi.

Mulkin mallaka ya zo da sabuwar bukata. Gidajen bariki suna son furanni da shingen da ake askewa, ta haka aka sami masu aikin gadina. En'e kuma ta buɗe wuraren renon itatuwa ƙarƙashin malaman daji. Ta irin waɗannan wurare ne darbejiya, wadda asalinta daga yankin Indiya ne, ta bazu a Arewa bayan an kawo ta Barno a 1928. Heluma shi ke kan leburori, kuma galibi daga cikinsu yake fitowa. Ya san zurfin rami da yawan taki domin shi ma ya haƙa, ya zuba.

A 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a Samaru ta Zariya, aka soma koyarwa a makarantar aikin gona ta can a 1932. Makarantar gandun daji ta Jos ta biyo baya a 1958. Ɗalibin wancan zamani yana raba yininsa tsakanin aji da gona, shi ya sa malamin gona na da yake iya karɓar wuƙa ya nuna wa manomi auren mangwaro a gaban idonsa. Daga baya aka ƙara da cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa a Ibadan a 1975, mai reshe a Bagauda ta Jihar Kano, da Kwalejin Aikin Lambu ta Tarayya a Dadin Kowa ta Jihar Gombe a 2002.

Sai dai tun daga arzikin man fetur na shekarun 1970, takardar shaida ta fara fin hannu daraja, mai duba aiki ya koma bayan tebur. Hukuma ta yi ƙoƙarin cike giɓin. An kafa asusun ITF a 1971, wanda ya ɓullo da shirin tura ɗalibai wuraren aiki a 1973. Hukumar NDE, wadda aka kafa a 1986, ita ma ta riƙa haɗa matasa da masu sana'a. Amma wata huɗu ko shida da ɗalibi ke yi a wurin aiki bai isa ba. Shuka tana da halinta na hunturu, da na bazara, da na damina, da na kaka. Wanda bai zagaya shekara da ita ba bai san ta ba, balle ya umarci wani a kanta.

Ya ku 'yan uwa mazauna birane, kun fi kowa ganin yadda sababbin gidaje da ma'aikatu a Abuja da Kano da Kaduna ke neman masu tsara haraba da kula da ita, ga matasanmu kuma zaune babu aikin yi. Dattawan da suka ja jigo suna ta raguwa a fadamarmu, kuma iliminsu ba a rubuce yake ba. Shawarata ga ƙungiya ita ce, kafin mu sake tara kuɗin sayen dashe, mu ɗauki nauyin wasu yara su yi shekara biyu cur a hannun waɗannan dattawa, sa'an nan mu tura masu himma daga cikinsu kwaleji su haɗa da ilimin zamani. Idan sun dawo, su ne za mu danƙa wa amanar kowane icen da muka dasa.