Asalin Bawo, Ɗan Baƙo da Sarauniya

A Kurni da sauran garuruwan ƙasar Matamaye, waɗanda Daura take kusa da su a tsallaken iyaka, da wuya a sami yaron da bai ji sunan Bayajidda ba. Ɗansa Bawo kuwa ba a cika tsayawa a kansa ba, alhali a jikinsa jinin baƙo ya gamu da na ƴan ƙasa.

Dattawa suka ce mahaifinsa ɗan sarkin Bagadaza ne. Ya biyo ta Barno, ya bar matarsa Magira a Garun Gabas, ya ratsa Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa. Da dare ya shiga Daura, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya roƙi ruwa. Ta ce masa ai ba a ɗiba a rijiyar Kusugu sai ran Juma'a, saboda wani maciji mai suna Sarki. Ya ari guga ya tafi, ya zura, maciji ya riƙe, ya jawo shi waje ya fille masa kai. Da gari ya waye sarauniya Daurama ta yi masa tayin rabin gari, ya ce shi ita yake so.

Suka yi aure, ta ba shi ƙwarƙwara, Bagwariya, wadda ta riga ta haihuwa, ta raɗa wa ɗanta Karɓagari. Abin ya sosa wa Daurama rai. Da Allah ya ba ta nata ɗan, sai ta ce sunansa Bawo, a bawo mata garinta. Haka kuwa aka yi, shi ya hau gadon uwarsa, mulkin mata ya ƙare a Daura.

Wasu masana sun ce Bayajidda shi ne Abu Yazid, wanda ya yi wa Faɗimiyawa tawaye a Arewacin Afirka, ya mutu a 947. Wanda ya mutu can ba zai zo ya ja ruwa a Kusugu ba. Ya fi kama hankali a ce mutanensa ne suka gangaro kudu suka yi auratayya da masu ƙasa.

Ƴaƴan Bawo shida suka riƙi Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Rano; da Biram, ɗan da Magira ta haifa wa Bayajidda, aka cika Hausa Bakwai. Bagauda, wanda ake cewa ya fara sarautar Kano a 999, ɗansa ne. Jihadi ya fitar da zuriyar Bawo daga Daura, Turawa suka mayar da ita a 1906.

Abin takaici ne a ce ana ta kirarin uban an bar ɗan, domin Bayajidda maciji ya kashe, Bawo kuwa shi ya haifi sarakunan.