Wa'adin Wata 3 da Ma'aunin Asara: Shingayen Doka a Gaban Iyalan da Sakacin Asibiti Ya Yi wa Rashi a Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin dokokin da ke taƙaita ikon iyali na shigar da ƙara idan wani nasu ya rasu ta dalilin sakacin likita ko asibiti a Nijeriya, musamman a jihohin Arewa. An bi diddigin dokokin mutuwar haɗari da Dokar Kare Jami'an Gwamnati da wasu hukunce-hukuncen manyan kotuna, sannan aka auna su da fikihun diyya. Nazarin ya nuna cewa shingen da ya fi tare iyalai shi ne gajeren wa'adin shigar da ƙara, wanda kan cika tun ba a gama makoki ba, sai kuma ma'aunin asara da ke ƙimanta mamaci da kuɗin da yake kawowa gida.

1.0 Gabatarwa

An saba ɗora wa al'ada alhakin ƙarancin ƙararrakin sakacin asibiti a ƙasar Hausa. Mutum ya rasu, sai a ce kwanansa ne ya ƙare, a ba iyali haƙuri, su kuma su ce sun bar wa Allah. Wannan bayani yana da ƙamshin gaskiya, amma yana rufe wata tambaya: 'yan tsirarun da suka ƙi bari, suka nufi kotu, me suke tararwa? A wasu ƙasashe iyakar da doka ta sa wa irin waɗannan iyalai a bayyane take. Jihar Kaliforniya ta Amurka ta ƙayyade kuɗin raɗaɗi da baƙin ciki a ƙararrakin sakacin likita a kan dala 250,000 tun 1975, ba ta ɗaga shi ba sai 2023. Jihar Fulorida kuwa tun 1990 ta hana 'ya'yan da suka kai shekara 25 karɓar kuɗin baƙin ciki idan sakacin likita ne ya kashe mahaifinsu ko mahaifiyarsu. Nijeriya ba ta da irin wannan ƙayyadewa a rubuce. Shingayenta suna warwatse cikin tsofaffin dokokin da ba don asibiti aka yi su ba, shi ya sa ba a cika lura da su ba.

2.0 Tushen haƙƙin ƙara

A tsohuwar dokar Ingila da Nijeriya ta gada, mutuwar mutum ba ta zama dalilin ƙarar neman fansa. A shari'ar Baker da Bolton ta 1808 aka kafa wannan ƙa'ida, wadda ta sa wanda ya kashe mutum da sakaci ya fi wanda ya raunata shi samun sauƙi. Yawaitar haɗarin jirgin ƙasa ne ya tilasta wa majalisar Ingila yin Dokar Mutuwar Haɗari ta 1846, ita ce kuma uwar dokokinmu: ta Jihar Arewa ta 1956 da ta Legas ta 1961 da takwarorinsu na Gabas da Yamma.

Saboda haka haƙƙin iyali kyauta ce ta rubutacciyar doka, kuma ya zo da sharuɗɗanta. Ba a shigar da ƙara sai idan mamacin da kansa zai iya shigar da ita da ya rayu. Ƙara ɗaya tak ake yi a kan mutuwa ɗaya, a madadin dukkan masu haƙƙi. Mai kula da dukiyar mamaci ne ke shigar da ita, sai idan babu shi ko ya yi wata 6 bai motsa ba, sannan wani daga cikin iyali ya shigar. A nan masu rubuta dokar Arewa sun yi abin a yaba: game da Musulmi, sun fassara iyali da waɗanda ke da rabo a diyyar kisan kuskure a shari'ar Musulunci. Ke nan gidan mai mata 3 da 'ya'ya 15 bai faɗa cikin tarkon ma'anar iyali irin ta Turawa ba.

3.0 Wa'adin wata 3

Dokar Legas ta 1961 ta ba iyali shekara 3 daga ranar rasuwa. Wannan wa'adi ne mai ma'ana, kuma asibitin kuɗi ba shi da wata garkuwa da ta wuce irinsa. Sai dai talaka ba can yake mutuwa ba. Yana mutuwa ne a babban asibitin jiha ko cibiyar lafiya ta tarayya ko asibitin koyarwa, kuma a nan wata doka daban ke shigowa.

Sashe na 2(a) na Dokar Kare Jami'an Gwamnati ya ce duk ƙarar da za a kai wani a kan abin da ya yi, ko ya yi sakacin yi, a bakin aikin gwamnati, dole a shigar da ita cikin wata 3. Dokar ta samo asali a 1916, an kwaikwayo ta daga wata dokar Ingila ta 1893 wadda ta ba da wata 6, wadda kuma su Ingilan suka soke tun 1954. Mu muka rage wa'adin da rabi, muka kuma riƙe shi fiye da shekara 100. A shari'ar Ibrahim da Kwamitin Ayyukan Shari'a na Jihar Kaduna ta 1998, Kotun Ƙoli ta ce kariyar ba ta tsaya a kan ɗaiɗaikun ma'aikata ba, ta haɗa da hukumomin gwamnati su kansu. Da wannan fassara hukumar gudanarwar asibitin gwamnati ta samu damar fakewa a bayan dokar, ita da likitanta da ma'aikatan jinyarta.

Kotuna ba sa sassauta lissafin. A shari'ar Ekeogu da Aliri ta 1991, an lalata idon wata ɗaliba wajen horo a makarantar gwamnati, amma aka kori ƙarar don an wuce wata 3. Dokar ta ce idan cutarwa tana ci gaba, sai ta tsaya ake fara ƙirga. To amma a shari'ar Obiefuna da Okoye ta 1961, inda motar 'yan sanda ta kaɗe wani mutum ya daɗe yana jinya, an fassara ci gaban da maimaituwar aikin cutarwa, ban da raɗaɗin da ya biyo baya. Mutuwa kuwa sau ɗaya take aukuwa.

A ɗauki misalin magidanci da aka yi wa aikin gaggawa a asibitin gwamnati, jini ya ɓalle masa cikin dare, ba a ga likitan da ke bakin aiki ba sai da asuba, ya cika. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. A yi zaman makoki, a yi sadakar uku da ta bakwai, a gidaje da yawa har ta arba'in. Duk wanda ya tayar da zancen lauya a cikin waɗannan kwanaki, sai dattawan gida su ce masa, "Haba ɗan nan, ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba." Matarsa, wadda ita ce ta kwana a gefen gadon, ta ga ƙarfe nawa aka kira likita da ƙarfe nawa ya zo, tana takaba ta wata 4 da kwana 10, wato kusan kwana 130. Wa'adin doka kuwa kusan kwana 90 ne. Ranar da za ta fita takaba ta samu sukunin bin kadin mijinta, kusan kwana 40 ke nan da rufe ƙofar. A ganin mai wannan nazari, dokar da wa'adinta ya gaza takaba tsawo ba ta dace da al'ummar da ake aiwatar da ita a cikinta ba, ko da kuwa masu rubuta ta ba su nufi hakan ba.

Akwai kafofin tsira, amma ƙanana ne. Kariyar ba ta aiki idan jami'i ya fita daga hurumin aikinsa ko ya yi da mugun nufi, ba ta kuma shafi ƙarar karya yarjejeniya ba. Likitan da ya makara ko ya ba da maganin da bai dace ba yana cikin huruminsa, kuskure ya yi a ciki, saboda haka kafar farko ba kasafai take buɗewa ba. Ƙari a kan haka, dokokin da suka kafa wasu hukumomi sun wajabta a ba su sanarwa a rubuce kafin a kai su ƙara, kuma Kotun Ƙoli ta amince da halaccin wannan sharaɗi a shari'ar Amadi da Kamfanin Mai na Ƙasa a 2000. Inda ake buƙatar sanarwar wata guda, abin da ya rage wa iyali a zahiri wata 2 ne.

4.0 Nauyin hujja

Wanda ya tsallake wa'adi sai ya tabbatar da abu biyu: an yi sakaci, kuma sakacin ne ya yi kisan. Ma'aunin sakaci shi ne na shari'ar Bolam ta 1957 a Ingila: ba a kama likita da laifi idan ya yi abin da wani rukuni na ƙwararrun likitoci masu mutunci za su yarda da shi. Ma'anar wannan a aikace ita ce sai likita ya tsaya a kotu ya ba da shaida a kan ɗan'uwansa likita, a garin da mai yiwuwa ajinsu ɗaya a jami'a. Shari'ar Ojo da Gharoro ta 2006 ta nuna illar rashin irin wannan shaida. An yi wa wata mata tiyata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, allurar ɗinki ta karye, guntunta ya zauna a cikinta. Ta dogara da ƙa'idar nan da ke cewa abin da ya faru shi kansa shaida ne. Likitoci suka yi bayanin yadda allura kan karye ba tare da sakaci ba, ita kuma ba ta kawo ƙwararren da zai rushe bayanin ba, Kotun Ƙoli ta kori ƙararta. Wannan mai rai ce, ga hoton allura a cikinta. Ina ga iyalin da shaidarsu take cikin kabari?

Sanadin mutuwa ya fi wuyar tabbatarwa. A shari'ar Barnett ta Ingila, likita ya ƙi fitowa ya duba mai gadin da ya sha guba a shayi, kotu ta yarda ya yi sakaci, amma ta wanke asibitin domin ko da ya fito ba za a iya ceto mutumin ba. Irin wannan tambaya binciken gawa ne ke amsa ta, mu kuwa muna binnewa a ranar, kuma iyalai kaɗan ne ke yarda a taɓa gawa. Abin da ya rage shi ne fayil ɗin majinyaci. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa asibiti ajiye bayanan kowane majinyaci da kare sirrinsu, amma fayil ɗin yana hannun wanda ake shirin kaiwa ƙara, kuma kowane mako da aka ɓata ana cewa a dawo gobe, daga cikin wata 3 ɗin nan yake fita.

5.0 Kotun ladabtar da likitoci

Wasu iyalai kan kai kuka ga Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, inda kwamitin bincike ke dubawa ya miƙa wa kotun ladabtarwa. Wannan kotu tana iya gargaɗi ko dakatarwa ko soke sunan likita daga rajista. Ba ta ba da ko sisi, kuma jiran hukuncinta ba ya tsayar da wa'adin babbar kotu.

6.0 Ma'aunin asara da diyya

Iyalin da suka yi nasara sai su tarar da shinge na ƙarshe. Tun shari'ar Blake ta 1852 kotunan Ingila suka ce dokar 1846 asarar kuɗi kawai take biya, ban da baƙin ciki, kuma a kan wannan turba manyan kotunanmu suka fi tafiya. Ana lissafa abin da mamaci ke kashe wa iyalinsa a shekara, a ninka da shekarun da ake zaton zai ci gaba da yi. Ma'aikaci mai takardar albashi yana da abin nunawa. Manomi ko mai tireda sai a yi ta ƙiyasi. Ƙaramin yaro kuwa kusan ba shi da ƙima a wannan ma'auni: a shari'ar Barnett da Cohen ta 1921 an hana uba komai a kan ɗansa mai shekara 4, don amfanin da zai yi masa nan gaba zato ne kawai. Yara da mata masu haihuwa suna cikin waɗanda suka fi cika gadajen asibitocin Arewa, su ne kuma ma'aunin ya fi rainawa. Ingila ta ɗan gyara nata a 1982 da ta shigo da ƙayyadadden kuɗin rashi, wanda ya kai fam 15,120 a 2020, ko da yake Kotun Ƙolinta a shari'ar Paul ta 2024 ta hana dangin da suka kamu da taɓuwar hankali saboda ganin mutuwar nasu neman fansa daga likita.

Fikihu ya bi wata hanya daban. Aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta wajabta diyya a kisan kuskure, malamai suka ƙayyade ta da raƙuma 100 ko dinari 1,000 ko dirhami 12,000 a mazhabar Malikiyya. Ba a tambayar sana'ar mamaci, kuma diyyar jariri daidai take da ta babba. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi magani alhali ba a san shi da sanin magani ba, Ibn Rushd kuma a Bidayatul Mujtahid ya kawo cewa ƙwararren likita idan ya yi kuskure ya kashe, akwai diyya, mafi yawan malamai sun ɗora ta a kan dangin uban likitan, waɗanda ke biya cikin shekara 3. Wannan rarraba nauyi a kan jama'a ya yi kusa da abin da inshorar likitoci ke yi a yau, kuma yana amsa fargabar masu cewa ƙararraki za su ƙara korar likitoci daga ƙasar da take fama da ƙarancinsu.

Ɗaukar ma'aunin diyya yana da nasa matsalolin. Mazhabobi huɗu sun sanya diyyar mace rabin ta namiji, abin da zai yi karo da sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 da ya hana bambanci saboda jinsi idan aka zuba shi cikin rubutacciyar doka yadda yake. Dinari 1,000 kuma ya kai kusan kilo 4.25 na zinariya, adadin da kasafin magani na ƙaramin asibitin karkara ba zai ɗauka ba. Abin da majalisun jihohi za su iya ara shi ne ƙa'idar: a sa wa rai mafi ƙarancin ƙima a doka, daidai ga kowa, sannan a ɗora lissafin asarar kuɗi a kai, a kuma tilasta wa asibitoci inshorar da za ta biya. Amma ko wannan ba zai kai ga iyali ba muddin sashe na 2(a) yana nan. Gyaran da ya fi gaggawa shi ne a cire ƙararrakin rauni da mutuwa daga ƙarƙashinsa, a mayar da wa'adinsu shekara 3, a fara ƙirga daga ranar da iyali suka sani ko ya kamata su san cewa an yi sakaci, kuma duk kwanakin da asibiti ya riƙe fayil bayan an nema a rubuce kada su shiga lissafi.