Daga Uwar Adashi Zuwa Asusun Cikin Kwamfuta

Ɗalibin da ke koyon rubuta manhaja a Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, wadda aka kafa a 2013, da wuya ya kammala bai gamu da darasin asusun banki ba. Za a ce ya tsara aji guda mai ɗauke da sunan mai asusu da lambarsa da ragowar kuɗinsa. Ragowar nan a killace take, ba a isa gare ta sai ta ajiya ko cirewa, kuma ba a cire fiye da abin da ke ciki. Wannan salon na tsara manhaja ta hanyar aji ya faro ne a Oslo, inda Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka fito da yaren Simula 67, Smalltalk ta biyo baya a shekarun 1970, sai Java a 1995. Amma ƙa'idar da darasin ke koyarwa ta daɗe a ƙasar Hausa tun kafin zuwan banki.

Uwar adashi ita kaɗai ke riƙe da kuɗin zubi. Ba mai zura hannu a jakarta, komai kusancinsa da ita. Ranar kasuwa kowa ya kawo nasa, wanda kwasa ta zo kansa ya karɓa, ita kuma ta san wanda ya yi zubi da wanda bai yi ba. Haka fatoma ke riƙe wa baƙin fatake dukiyarsu a zamanin fataucin goro zuwa Gwanja. Shi ya sa labarin da ya shahara na Alhassan Dantata, cewa ya kai azurfa kayan raƙuma 20 bankin Turawa a Kano a 1929, bai kamata ya ba mu mamaki ba. Mutumin da ya tashi cikin fatauci ya riga ya san ajiya a hannun amintacce. 

Wani zai ce kwatancin ya yi nisa, domin uwar adashi tana da tausayi: in haihuwa ko rashin lafiya ta sami mace, takan matso mata da kwasarta, manhaja kuwa ba ruwanta. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramin rashi ba ne. Sai dai ko a adashin, sassaucin ba ya yiwuwa sai da yardar sauran masu zubi, wato shi ma yana da ƙa'idarsa. Mai rubuta manhaja zai iya shigar da irinta, ya ƙayyade wanda ya cancanci rance da iyakar abin da za a ba shi. In bai yi ba, laifin nasa ne, domin ajin ba ya aikata komai sai abin da aka rubuta masa.