Mai Taɓin Hankali Ma Yana da Jiki

Idan mai ciwon sikizofiriniya ya rasu da ƙuruciyarsa, jama'a kan zaci kansa ya kashe, ko hatsari ne ya rutsa da shi. Bincike bai tafi a kan haka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu matsanancin taɓin hankali kan riga tsararsu rasuwa da shekara 10 zuwa 20, kuma galibi ciwon zuciya, ciwon suga da cututtuka masu yaɗuwa ne ke zama ajalinsu, waɗanda likitanci ya daɗe da sanin makamarsu.

Akwai hannun magani a ciki. Tun 1952 da aka fara ba da chlorpromazine a Faris, magungunan taɓin hankali sun kwantar da muryoyin da majiyyata ke ji, sun fitar da mutane da yawa daga mari. Amma irin su olanzapine da clozapine suna buɗe ciki, ƙiba ta hau, suga da kitse su taru a jini. Duk da haka, ba za a ɗora wa ƙwaya laifin duka ba: tun 1879 likitan Ingila Henry Maudsley ya lura ciwon suga kan yawaita a zuriyar da taɓin hankali ya yi yawa. Ga shan taba, ga zaman wuri ɗaya, ga talauci.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne rashin yarda da bakin majiyyaci. Ya ce ƙirjinsa na suka, sai dangi, wani lokacin har ma'aikacin jinya, su ce, "Ciwon nasa ne ya motsa," a ƙara masa allura. A haka tarin fuka ko hawan jini ke cin mutum shekaru ba a auna shi ba. Binciken da aka yi a Butajira ta ƙasar Habasha, wanda aka wallafa a 2015, ya gano irin waɗannan majiyyata na asarar kusan shekara 30 na rayuwa, kuma cututtuka masu yaɗuwa ne kan gaba.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Nijeriya a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tabbatar wa majiyyaci haƙƙinsa a takarda. A ɗakin duba marasa lafiya kuwa, ina ganin wajibi ne a fara da sikeli, tef na awon ƙugu, na'urar awon jini da gwajin suga, kafin a rubuta magani da kuma duk ranar da majiyyaci ya dawo karɓar wani.