Daga Zabibi Ashirin da Ɗaya Zuwa Ƙwayar Ginkgo: Tarihin Neman Maganin Mantuwa

Hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi Maiduguri tana ƙetare kogi ne a Wudil. Ta wannan shiyya gardawan ƙasar Kano suka daɗe suna wucewa Gabas neman hadda, allo a rataye, tawada a ƙugu. Yaron da aka ɗauka daga Ɗankaza ko wani ƙauye na yankin aka miƙa wa alaramma, buri ɗaya iyayensa ke da shi: izu sittin su zauna masa a ka. Inda kuwa ake da irin wannan buri, ba a rasa mai neman maganin mantuwa, ba a kuma rasa mai sayar da shi.

Tsangaya ta tanadi nata. Akwai rubutun sha, wanda malam kan rubuta aya ta shida ta Suratul A'ala a allo, wadda ke ɗauke da alkawarin karantarwa ba tare da mantuwa ba, a wanke a bai wa kolo ko titibiri ya sha da asuba. Akwai laƙanin da gwani ba ya bai wa kowa sai wanda ya yi masa hidima. Ɗaliban zaure kuma suna da madogara a rubuce: Ta'alimul Muta'allimi na Az-Zarnuji, malamin da ya rayu wajejen ƙarshen ƙarni na 12 zuwa farkon na 13, almajirin Al-Marginani mai littafin Hidaya. Ya ware babi guda kan abin da ke kawo hadda da abin da ke kawo mantuwa. A cikin na farko ya lissafa asuwaki, shan zuma, cin lubban da sukari, da cin jan zabibi ashirin da ɗaya kullum kafin a karya. A cikin na biyu akwai tuffa mai tsami, karanta rubutun kan kabari, ratsa tsakanin raƙuman ayari, da yin ƙaho a ƙeya. Likitancin zamaninsa ya ɗora laifin mantuwa a kan yawan majina, majina kuma daga yawan ci da sha, don haka ake horon ɗalibi da rage ciki.

Abin da ya kamata a lura da shi shi ne tsarin da Az-Zarnuji ya bi. Kafin ya kai ga zuma da zabibi, ya fara da ƙwazo da naci, da ƙarancin ci, da sallar dare, da yawan karatun Alƙur'ani. Alarammomi ma haka suka yi. Gardin da ya sha rubutu bai tsira daga tilawar dare a bakin wuta ba, bai tsira daga tishi ba, kuma ba a kira shi mahaddaci sai ya yi satu, ya rubuta da ka a allo an duba. Wasu har kiskadi suke shiga, su kafa bukka a bayan gari su yi watanni ba abin da suke yi sai maimaitawa.

A wannan tsohuwar kasuwa ginkgo ya sauka. Yau ana samunsa a kemis da shagunan magungunan Musulunci da hannun 'yan talla masu bin ofis-ofis, a kwalba mai hoton ƙwaƙwalwa. Masu saye sun sauya kaɗan: ɗalibin jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil mai shirin jarrabawa, uban da ɗansa zai shiga musabaƙa, gasar da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta faro a 1986, da ɗan da ya ga tsohuwarsa ta fara manta inda ta ajiye carbi.

Mai talla zai ce mutanen Sin sun yi dubban shekaru suna sha don kaifin ƙwaƙwalwa. Tarihi bai ce haka ba. Bishiyar ginkgo dai tsohuwa ce ƙwarai, danginta sun haura shekara miliyan 200 a duniya, wasu bishiyoyin ginkgo ma sun tsira daga bam ɗin Hiroshima na 1945 suka sake toho. Bajamushe Engelbert Kaempfer ya gan ta a Japan, ya bayyana ta a 1712, masanin tsirrai Linnaeus ya raɗa mata Ginkgo biloba a 1771. Amma likitocin Sin na da, irin su Li Shizhen da aka buga babban littafinsa a 1596, ƙwallon 'ya'yanta suka fi amfani da shi, don tari da asma da matsalar fitsari. Tatsar ganyen a matsayin maganin gudun jini zuwa ƙwaƙwalwa aikin kamfanin Dr. Willmar Schwabe ne na Karlsruhe a Jamus, wanda ya fitar da Tebonin a 1965. Wato zabibin Az-Zarnuji ya girmi wannan da'awa da fiye da shekara 700.

An kuma gwada ginkgo gwaji mai tsanani. A Amurka an bi tsofaffi 3,069, rabi suna shan miligiram 120 sau biyu a rana, rabi suna shan ƙwayar da ba magani a ciki, har kimanin shekara shida. Sakamakon da mujallar JAMA ta buga a 2008 ya nuna ginkgo bai rage kamuwa da cutar gushewar tunani ba. Faransawa sun yi nasu da mutum 2,854 na tsawon shekara biyar, suka fitar da irin wannan sakamako a 2012. Masu lafiya da ke neman ƙarin kaifi ma ba a ga ya ƙara musu komai ba a wani gwaji na 2002. Akwai binciken da ya ga ɗan sassauci ga waɗanda cutar ta riga ta kama, shi ya sa likitocin Jamus ke rubuta shi, amma wannan magana ce ta asibiti, ba ta ɗalibi mai jarrabawa ba.

Illa kuwa tana nan. Ginkgo na iya sa jini ya ƙi tsayawa, musamman ga mai shan asfirin ko warfarin, kuma yawan cin ƙwallonsa na jawo jijjiga, ga yara ya fi muni. Dattijon da ya fara mantuwa sau da yawa mai hawan jini ne ko ciwon suga, wanda wataƙila an riga an ɗora shi kan asfirin; shi ne ya fi buƙatar a auna shi, shi ne kuma 'ya'yansa suka fi saya wa kwalbar don tausayi. Lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993, ba ta warware wannan ba: a kan magungunan gargajiya da ta yi wa rajistar wucin gadi, akan rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi a jikin kwalbar ba.