Me Ya Haɗa Kamfani da Ƙwallon Lambu?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi, ya rubuto yana tambaya: me ya sa manyan kamfanoni kan keɓe yini guda cur su gayyaci abokan cinikinsu buga ƙwallon lambu, watau golf, kuma ina asalin abin?

To malam, wasan dai daga Sikotlan ya fito, arewa da Ingila. A 1457 majalisar Sarki James na Biyu ta hana shi, don samari sun bar koyon harbin kibiya sun koma bin ƙwallo. Hanin bai yi tasiri ba, don a 1502 Sarki James na Huɗu da kansa ya sayi sandunan wasan. A 1764 filin St Andrews ya rage ramukansa daga 22 zuwa 18, sannu a hankali sauran filaye suka bi sahu.

Waɗannan ramuka 18 su ne amsar tambayarka. Kafin a zagaye su a ƙafa sai an ci awa huɗu ko fiye, kuma mutum huɗu-huɗu ake tafiya, ba gudu ba hayaniya. Manajan da ba zai ba ka minti goma a ofis ba, ga shi kana tafe da shi tun hantsi har azahar. Lokacin nan kamfani yake saye da kuɗinsa. Shi ya sa mai shirya taron ya fi shan wahala wajen rabon mutane: wa za a haɗa da wa, wane ma'aikaci zai raka wane baƙo, kuma kada a kuskura a haɗa 'yan kasuwa biyu masu takara da juna. Maganar ciniki kuwa, masu wayo ba su tayar da ita a fili, sai an zauna cin abinci ko ma bayan kwana biyu.

Dabaru biyu suka sauƙaƙa abin. Akwai rangwamen bugu da ake yi wa ɗan koyo, yadda zai kara da gwani ba tare da ya ji kunya ba. Sannan maimakon kowa ya yi layi a ramin farko, sai a rarraba ƙungiyoyi 18 a ramuka 18, mutum 72 ke nan, a busa ƙaho su fara tare su gama tare, a wuce wurin walima da rabon kyaututtuka. Haɗa attajirai da ƙwararrun 'yan wasa kuma, mawaƙin Amurka Bing Crosby ne ya fito da shi sarari da gasar da ya fara a Kalifoniya a 1937.

Ba inda abin ya yi ƙamari kamar Japan. Wajen 1989 katin zama memba na wasu filayen ya haura dala miliyan guda, ana saye da sayar da shi kamar hannun jari, har da cin bashin banki a kansa. Da tattalin arzikin ƙasar ya karye bayan 1990, farashin ya faɗi warwas, filaye da dama suka yi fatara.

Kai ɗan kasuwa ne, ka san bambancin goron zumunci da toshiyar baki, ka kuma san wani lokaci tsakaninsu bai fi zare ba. Ni a ganina, idan baƙon shi ne mai sa hannu a kwangilar da ake nema a makon nan, abin ya wuce zumunci. Hukumomi ma sun sa ido. Birtaniya ta yi dokar cin hanci a 2010, wadda ba ta hana karɓar baƙi ba, amma saboda ita kamfanoni da dama suka rungumi rubuta wa suka gayyata da nawa suka kashe. Amurka kuwa a da takan bar kamfani ya cire irin wannan kuɗi daga ribar da ake yi wa haraji. Ta rage shi zuwa rabi a dokar 1993, ta soke shi daga 2018.