Gani Ya Kori Ji: Tarihin Bin Sawun Girgizar Samaniya

Wannan makon na ajiye labarin soyayya gefe, na ɗauko tarihi. Kada wani ya ce ina ruwan marubucin Ƙofar Rini da taurari, don kuwa duba sama tsohuwar sana'a ce a Sakkwato. Lokacin da Bature Kilafatan ya iso garin nan a 1824, ya rubuta cewa ya tarar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya san buruji da taurari masu yawa da sunayensu na Larabci. Har gobe kuma, in wani ya ce ya ga jinjirin wata, sai an bincika shaidarsa kafin fada ta yi sanarwa.

To, irin wannan binciken shaida ne ya tashi hankalin masana a 2017. Tun 1916 Einstein ya ce in abubuwa masu nauyin gaske suka yi karo, sarari kansa zai girgiza kamar ruwan tafki in an jefa dutse. Sai ranar 14 ga Satumba, 2015 na'urorin LIGO na Amurka suka fara jin girgizar. Matsalar ita ce na'urar kunne ce kawai, ba ta iya nuna wuri daidai.

Ranar 17 ga Agusta, 2017 aka ji karon gawarwakin taurari biyu. Da taimakon na'urar Virgo ta Italiya aka taƙaita wurin, amma duk da haka faɗinsa ya kai a jera cikakken wata kusan 150. Bayan awa 11 wani madubin hangen nesa a ƙasar Chile ya hango sabon ɗigon haske a gungun taurarin NGC 4993, mai nisan da haske ke shekara miliyan 130 kafin ya iso mu.

Saura shaidu biyu da iskar duniya ke tarewa, sai an hau sama ake samunsu: haske mai ƙarfi da ya zarce shunayya, wanda ido ba ya gani, da eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Tauraron ɗan'adam Swift, wanda aka harba a 2004, ya juya wurin bayan kamar awa 15. Ya kama haske na farko, shaidar cewa tarkacen na da tsananin zafi, kuma cikin 'yan kwanaki ya dushe. Da an makara, shi ke nan.

Eksire kuwa shiru. Masana ba su tattara komatsansu ba, sai a kwana na tara tauraron Chandra ya gan shi, ya yi ta ƙaruwa har wata biyar. Jinkirin ne ya nuna cewa feshin wutar karon ba mu ya fuskanta ba, daga gefe muke kallonsa. Nazarin hasken kuma ya ƙarfafa cewa a irin wannan karo ake samar da ƙarfe masu nauyi irin su zinariya.

Shaida ɗaya sai da sauri aka same ta, ɗayar sai da haƙuri. Abin da nake so 'ya'yanmu masu karatun kimiyya su riƙe ke nan, domin jikokin masu sanin taurari bai kamata su tsaya 'yan kallo ba.

Sai mako mai zuwa, in da rai da lafiya.